Daga Jirgin Kanta zuwa Jirgi Mai Tsakar Gida

Duk yaron da ya tashi a Birnin Kebbi ko Argungu ya san yadda ƙasarmu ke sākewa idan damina ta yi nisa. Da rani Gulbin Kabi ya kan janye, ya rabu rassa-rassa, har a waɗansu wurare mutum ya naɗe wando ya ƙetare. Amma da ruwa ya sauko daga wajen Sakkwato, sai fadama ta cika fal, hanyoyi su yanke, gonakin shinkafa su zama kamar tafki guda. A wannan lokaci jaki ba shi da sauran amfani, mota kuwa sai ta tsaya bakin gaɓa. Mai zuwa gona, da mai zuwa kasuwa, da mai kai mara lafiya asibiti, duka sai su nemi mai fito. Sabo da haka sanin jirgin ruwa ba na masunta kaɗai ba ne, gama da yawa daga cikinku za ku ba shi amanar ranku ba sau ɗaya ba.

Za mu fara da jiragenmu na gida, sa'an nan mu tafi teku mu ga waɗansu irin jirage waɗanda girmansu ya kai na gari. Za ku ga abin da ke damun masassaƙin Argungu shi ke damun Baturen da ke ƙera jirgi a ƙasar Finlan. Ko wannensu yana tambayar kansa: shin abin nan zai tsaya bisa ruwa? In an ɗora masa kaya zai kife? Ruwan da za shi bi zai ishe shi wucewa?

Ku sami ƙusa guda da tasa ta ƙarfe, ku je bakin randa ko daro. Ku saki ƙusa, nan da nan za ta nutse. Ku aza tasa, za ta tsaya bisa ruwa, ko da ya ke ta fi ƙusa nauyi nesa ba kusa ba. Ga dalili. Duk abin da aka sa cikin ruwa ya kan ture ruwa gefe domin ya sami wurin zama, ruwan kuwa yana tokare shi daga ƙasa da ƙarfi daidai nauyin ruwan da aka ture. Ƙusa siririya ce, ruwan da ta ture bai kai nauyinta ba. Tasa kuwa tana da faɗi da ciki, kafin ta shiga ruwa rabi ta riga ta ture ruwan da ya kai nauyinta. Wani masani Bayunane mai suna Arkimidis shi ya bayyana wannan tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Masuntan Argungu kuwa da shi su ke aiki kullum, gama babban goran da masunci ke kwanciya a kai, yana iyo da homa a hannu, iska ce cikinsa, sabo da haka ya ke ɗauke da ƙato kamar ba kome.

Kada ku ɗauke tasar tukuna. Ku riƙa jefa tsakuwa ciki ɗaya ɗaya. Za ku ga tana ƙara shiga ruwa kaɗan kaɗan, har bakinta ya zo daidai da ruwa, sa'an nan tsakuwa guda tak ta ishe ta nutsewa. Ku sāke, amma ku tara tsakuwar gefe ɗaya. Yanzu tun ba ta cika ba za ta karkace ta kife. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo gare shi.

Kwalekwale tsohon abu ne ƙwarai a ƙasarmu. A shekara ta 1987 wani Bafillace makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani baƙin itace a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994, ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya ɗara mita 8, faɗinsa kamar rabin mita. Suka auna shekarunsa, suka tarar ya kai wajen 8,000. A duk Afirka ba a sami jirgin da ya girme shi ba. Abin mamaki kuma, goshinsa da bayansa a fiƙe su ke sumul, aikin gwani wanda ya gāji sana'ar, ba na mai koyo ba.

Yadda a ke sassaƙar irin wannan jirgi bai sāke da yawa ba. Masassaƙi ya kan nemi itace miƙaƙƙe mai kauri, kamar maɗaci ko kawo ko maje. Ya kayar, ya fere bayansa da gatari, ya fid da goshi, sa'an nan ya shiga rarake cikinsa da gizago. Nan gwaninta ta ke. In ya bar jikin da kauri ainun, jirgi ya yi nauyi, ba zai ɗauki kaya ba. In ya cika rarakewa, ya huda. Ba shi da ma'auni sai hannunsa da kunnensa: ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya san inda ya rage. Ya kan bar gindin ya fi gefe kauri, domin ya jure gogar yashi, domin kuma nauyi ya zauna ƙasa, jirgi ya daina rawa.

Ba kuwa ƙira ɗaya a ke yi wa ko wane jirgi ba. Na masunci ƙarami ne mara nauyi, wanda mutum ɗaya zai tura da gwangwala ya kutsa cikin ciyawa. Na fito yana da faɗi, ba ya sauri, amma yana ɗaukar buhunan shinkafa da awaki da mutane. Na tsere kuwa, irin wanda ku ke gani a wasannin Kabanci lokacin bikin kamun kifi a Matan Fada, dogo ne siriri, yana yanka ruwa kamar wuƙa, amma matuƙi ɗaya ya yi kuskure da filafili sai duka su sha ruwa. Watau abin da aka ƙara wa jirgi na sauri an rage masa na natsuwa. Babu masassaƙin da ya taɓa samun duka biyu cikakku a itace guda.

Akwai kuma jirgin da ba na su ba ne, ba na kaya ba, na ƙasaita ne. Muhammadu Kanta, wanda ya kafa mulkin Kabi wajen shekara ta 1515, ya gina birninsa a Surame. Masu ba da tarihi suna cewa ya sa an yi masa wani babban jirgi, aka lulluɓe shi da jan ƙarfe, mutum 50 ke tuƙa shi, da shi ya ke rangadin garuruwansa idan ruwa ya cika. Ku dubi abin da masu ƙera wannan jirgi suka sha. Sai sun ba matuƙa 50 wurin zama da wurin miƙa hannu, sun ba sarki da fādawansa wuri a tsakiya, sun kuma lissafa nauyin jan ƙarfen, kada ya danne jirgin ya hana shi bin fadama. A ganina sarki ya nufi ado ne da ban tsoro, amma jan ƙarfe yana da wani amfani, yana hana tsutsa cin itace. Turawan Ingila ma a 1761 suka fara lulluɓe gindin jirginsu na yaƙi da shi sabo da haka.

To, amma itace yana da iyaka. Kome gwanintar masassaƙi, ba zai fid da jirgin da ya fi itacensa faɗi ba. Mutanen Kwara suka yi dabara, suka riƙa haɗa guntaye biyu, su huda bakinsu, su ɗinke da igiya, su toshe kafofin. Mango Fak, Baturen nan da ya halaka a duwatsun Busa a 1806, jirginsa ma haɗi ne na kwalekwale biyu da aka gyara a Sansandin. Yanzu da manyan itatuwa suka yi wuya, yawancin manyan jiragen da ke zirga-zirga wajen Yawuri na katako ne, an jera, an buga ƙusa, an toshe da tsumma da kwalta, an ɗaura inji a baya.

Abin da ya kawar da iyakar nan ɗungum shi ne ƙarfe. A 1832 wani Bature mai suna Magirega Layad ya zo da jirage biyu masu tafiya da tururi domin su hau Kwara. Ƙaramin na ƙarfe ne, tsawonsa kamar mita 21, mutane da yawa a Ingila suna tsammani ba zai kai ba. Ya ratsa teku lafiya, ya hau kogi har Raba a ƙasar Nufe. Kun san sunan da suka sa masa? Alburkah, watau kalmarmu ta Hausa, albarka. Amma irin waɗannan jirage ba su taɓa isowa Gulbin Kabi ba, gama duwatsun da ke arewa da Jaba sun tare musu hanya.

Daga nan jiragen ƙarfe suka yi ta girma. A zamanin kakanninku, mai zuwa karatu Ingila ya kan shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko, watau Legas, ya hau jirgin ruwa, ya yi kusan mako biyu bisa teku. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Aureol, wanda ya yi wannan aiki daga 1951 zuwa 1974. Jirgin sama ya kashe wannan ciniki, gama wa zai yi mako biyu a tafiyar da za a yi cikin yini guda? Masu jiragen ruwa suka ga fasinja mai sauri ya kuɓuce musu, sai suka juya ga wanda ba ya sauri, watau mai neman hutu. Suka shiga ƙera jiragen shaƙatawa, waɗanda za su ɗauki mutane su zaga da su tsibirai kwana bakwai, su komo da su inda suka ɗauke su. A irin wannan tafiya jirgin kansa shi ne masauki, shi ne kasuwa, shi ne dandali.

A 2006 wani kamfani mai suna Royal Caribbean, wanda jiragensa ke tashi daga Filorida ta Amurka, ya ba maƙeran birnin Turku na ƙasar Finlan aikin wani jirgi wanda ba a taɓa yin na fasinja mai girmansa ba. Aka gama shi a 2009, aka sa masa suna Oasis of the Seas, ma'anarsa zangon ruwa da inuwa a tsakiyar teku, kamar yadda ayari ke samu cikin hamada. Tsawonsa mita 360, ya fi filin ƙwallo uku a jere. Daga ruwa zuwa ƙolinsa mita 72. Lokacin da aka gama shi yana ɗaukar fasinja 5,400 in mutum biyu biyu ne a ɗaki, in an cika gadaje duka su haura 6,000, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Nauyinsa wajen tan 100,000 ne, amma yana tsaye bisa ruwa, don dalilin da ya tsai da tasarku.

Irin wannan jirgi ba a fara shi da guduma. Shekaru a ke yi ana zane, ana lissafi da kwamfuta. Sa'an nan a yi ɗan ƙaraminsa, a sa shi cikin wani dogon kududdufi na gwaji, a tā da igiyar ruwa da inji, a ga yadda zai yi rawa. Sai an gamsu a ke yanka ƙarfe. Ba kuma daga goshi a ke farawa a bi har baya ba. Gunduwa-gunduwa a ke ƙera shi, ko wace gunduwa ta kai girman bene, da bututunta da wayoyinta a ciki, sa'an nan ƙugiya ta ɗauka ta jera su cikin wani babban rami busasshe a bakin teku, a liƙe su da walda. Ɗakunan kwana ma a wata masana'anta dabam a ke haɗa su, da gado da makewayi, a kawo a zura kamar aljihun tebur. In gangar jikin ta haɗu, sai a buɗe ƙofar ramin, ruwa ya shigo ya ɗaga shi.

Wata matsala ta daɗe tana damun masu wannan sana'a. In jirgi ya yi faɗi ƙwarai, ɗakunan da ke tsakiya ba su samun taga, sai su zama kamar rumbu, mai neman hutu kuwa ba ya son biyan kuɗi ya kwana cikin duhu. Dabarar da masu zanen Oasis suka yi, ko wane Bahaushe zai gane ta da kallo ɗaya. Maimakon su gina bene guda cunkus, sai suka raba ginin sama biyu, jeri ɗaya a dama, jeri ɗaya a hagun, suka bar fili a tsakani buɗe ga sararin sama. Watau tsakar gida suka yi wa jirgi. Ɗakunan waje suna duban teku, na ciki suna duban tsakar gida, ɗakuna da yawa suka sami haske da iska. A wannan fili suka dasa lambu na gaske, tsire-tsire da itatuwa fiye da 12,000, da masu ban ruwa waɗanda ba su da wani aiki sai shi. Wannan ita ce dabarar da ta bambanta jirgin da waɗanda suka riga shi, ba girma kaɗai ba.

Mai hankali zai ce, abu mai tsawon mita 72 bisa ruwa, wanda abin da ke cikin ruwa bai fi mita 9 da kaɗan ba, yaya iska ba ta kifar da shi? Amsar tana wurin masassaƙi da jirginsa na fito. Da fari faɗi: a daidai bakin ruwa faɗinsa mita 47 ne. Na biyu, an tara nauyi a ƙasa. Injuna, da tankunan mai, da na ruwan sha, duka suna can gindi, benayen sama kuwa yawancinsu ɗakuna ne da iska. Yana kuma da waɗansu fikafikai a ƙarƙashin ruwa, kamar na kifi, waɗanda a ke miƙewa idan teku ta tashi, su rage masa tangaɗi.

Tuƙinsa ma abin dubawa ne. Injuna shida ne a cikinsa, amma ba su ke juya farfela kai tsaye ba, lantarki su ke yi, wanda ke ba ɗakuna wuta, ya kuma juya farfela uku da ke rataye a ƙarƙashin bayansa. Ko wace farfela tana iya juyawa ta fuskanci duk inda a ke so, sabo da haka ita ce mai turawa, ita ce kuma mai karkatarwa, kamar dai filafili a hannun wanda ke zaune a bayan kwalekwale. A goshi akwai waɗansu huɗu masu tura shi gefe, har ya iya matsawa bakin gaɓa a karkace kamar ƙaguwa.

Yanzu mu koma ga tsakuwar nan. A jikin ko wane babban jirgin teku akwai wata alama, da'ira da layi ya ratsa ta. In an yi lodi har ruwa ya rufe layin, doka ta hana jirgin tashi. Wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuwel Filimsol shi ya yi ta faɗa har aka kafa wannan doka a 1876, domin a zamaninsa masu jirage su kan cika su da kaya, su nutse da matuƙa, su kuwa suna gida. Haka kuma bayan da Titanic ya nutse a 1912, mutum fiye da 1,500 suka mutu, jiragen ceton da ke cikinsa kuwa ba su isa kowa ba, sai ƙasashe suka yi dokar tanadin wurin tsira ga duk wanda ke cikin jirgi. Oasis yana ɗauke da jiragen ceto 18, ko wanne na cin mutum 370, ban da na roba masu kumbura. Cikinsa kuma an raba shi da bangaye na ƙarfe, in ruwa ya fasa wuri ɗaya a rufe ƙofofi a tsare shi nan. Ko wane fasinja yana da rigar ceto, kuma kafin a tashi sai an nuna masa inda zai tsaya in hatsari ya auku.

Jiragenmu na katako ba su da wannan alama, ruwa kuwa bai san bambancin babban jirgi da ƙarami ba. Ran 26 ga watan Mayu na shekarar 2021 wani jirgi ya taso daga Jihar Neja zuwa Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, da mutum fiye da 150 da kaya. Ya tsage a tsakiyar ruwa, kaɗan ne aka ceto. Hukuma ta ce jirgin ya tsufa, an kuma yi masa lodi fiye da ƙarfinsa. Tafkin Kainji, wanda aka tare a 1968, yana da kututturan itatuwa a ɓoye ƙarƙashin ruwa, jirgin da ya nutsa da kaya shi ya fi saurin cin karo da su. Yaron da ya gwada tasa da tsakuwa yana iya duban tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa tun yana gaɓa. In bai wuce faɗin tafin hannu ba, wannan jirgi ya ƙoshi, ko da mai shi yana kiran saura mutum ɗaya.

Da kamfanin ya ga ƙirar Oasis ta karɓu, bai sāke zane daga fari ba, sai ya sa aka yi ta yi masa ƙanne a kan fasali guda, ana gyara abin da aka ga ya gaza. Allure of the Seas ya fito a 2010 daga Turku. Da aka auna shi, sai aka ga ya fi wansa tsawo da santimita 5, maƙeran suka ce zafi da sanyi ne ke sa ƙarfe miƙewa da tsukewa. Sauran a birnin San Nazer na Faransa aka ƙera su: Harmony a 2016, Symphony a 2018, Wonder a 2022, da Utopia a 2024, wanda ke ƙona iskar gas domin a rage hayaƙi. A 2024 ɗin kuma wani sabon iri, Icon of the Seas, ya fara aiki, ya fi su duka girma.

Saura tambaya ta uku, ta wucewa. Turku tana bakin tekun Baltik ne, mai fita daga can zuwa Amurka kuwa sai ya bi ƙarƙashin wata gada a ƙasar Denmak, wadda tsawonta daga ruwa mita 65 ne. Jirgi kuwa mun ce 72. Masu zane sun san da gadar tun ba a yanka ƙarfe ba, sabo da haka suka yi bututun hayaƙinsa masu shigewa ciki, kamar wuyan kunkuru. Da aka iso gadar aka janye su, matuƙi kuma ya ƙara wuta, gama jirgi mai gudu a ruwa mara zurfi ya kan ɗan ƙara nutsawa. Ya wuce, abin da ya rage tsakaninsa da gada bai kai mita ɗaya ba. Duk da haka akwai wuraren da girmansa ya hana shi. Ba ya iya bi ta mashigin Fanama, tashoshi da yawa kuma sai da aka yashe su, aka ƙara musu tsawo, kafin ya iya tsayawa. Yana bukatar ruwa mai zurfin fiye da mita 9, watau gaba biyar na babban mutum ko kusa da haka. A Matan Fada kuwa, ranar kamun kifi, dubban masunta a tsaye su ke cikin ruwa a wurare da yawa, kwalekwalen makaɗa yana ratsawa tsakaninsu, gindinsa bai shiga ruwa ya kai kamu ɗaya ba.